Tubali Mai Yatsu Huɗu

A can wani zamani da ba wanda ya riƙe lissafin shekarunsa, a ƙauyen Tsamiyar Kogo, an yi wani magini mai suna Hananiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, ko 'yar wadda yake yi ɗin ma rabinta da bango yake yin ta. Abin da ya fito da sunansa harshensa ne. Al'adar gidansu ce tun kaka da kakanni, magini ba ya aza tubali sai ya ɗebi ƙasar wurin ya ɗanɗana. In ya ji zartsi, wato ɗanɗanon gishiri, sai ya tofar ya ce a nemi wani wuri, domin ƙasa mai gishiri daga gindi take cin bango, sama lafiya lau, ƙasa kuwa ta zama gari. Mutanen ƙauye sukan yi masa tsiya, wai duk garin ba wanda ya fi Hananiya sauƙin ciyarwa, a cika masa akushi da ƙasa kawai. Shi ko a jikinsa.

Yana da ƙane, Kefas, wanda ya fi shi saurin hannu da daɗin baki. Tun yana ƙarami lauje ya tafi da ƙaramin yatsansa na dama, saboda haka duk tubalin da ya mulmula, shaidar yatsu huɗu za ka gani a jiki. Su biyun suka fara gina wa mahaifiyarsu, Iya Ladi, sabon ɗaki. Hananiya yana kan bango, Kefas yana ƙasa yana jefa masa tubali yana cafewa. Bango ya kai ƙirji, sai wata safiya Kefas ya tafi kududdufi ɗebo ƙasa, bai dawo ba. Aka nema har aka gaji. Shekara goma sha biyu Hananiya yana gina wa mutane ɗakuna, amma na Iya ya ƙi ƙarasawa, duk damina sai ya rufe kan bangon da ciyawa kada ruwa ya cinye shi. Iya kuwa kuka ya tafi da idanunta.

A shekara ta goma sha uku, bayan ruwan farko, Hananiya ya je rafi wanke ƙafa sai ya ga wani jan tubali zaune a tsakiyar ruwa. Tubalin ƙasa ne ɗanye, ruwa yana bi ta kansa, amma ko gefensa bai narke ba. Ya ɗauka ya juya, ya ga yatsu huɗu. Ya kawo shi gida ya ajiye a rana, rana ta yi ta dukansa har la'asar, tubali bai daina ɗiga ba. Ya tara yatsa ya kai baki, ya ji gishiri irin wanda yake ji in hawaye ya gangaro masa cikin baki.

Iya ta ce a miƙo mata. Ta shafa, ta sa yatsunta cikin shaidar ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kiran sunan Hananiya, don shi ne ɗan fari, sai ta ce, "Babba, wannan hannun ban binne shi ba. Ka je ka zo mini da shi kafin in kwanta dama."

Hananiya ya ce, "Iya, in na san hanya."

Hanya kuwa ita ta zo da kanta. Kashegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida, ya fita ya tarar da wani dogon halitta, kansa ya wuce saman rumbu, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, a wuyansa da wani ƙaton ƙarfe kamar na ɗaure jaki. Kajin gidan duk suka yi tsit.

Halittar ya ce, "Aminci a gare ka, ya kai ɗan Adam mai ɗanɗana ƙasa. Ni ne Jakada, daga cikin aljanun da ke bauta wa Sarki Tsitaka, mai Birnin Jar Ganuwa. Ganuwar ubangidana tana zuba daga gindi, labarin harshenka kuwa ya kai fadarsa. Ya rantse, wanda ya warkar da ita zai zaɓi abin da yake so a birnin. Wanda ya kasa, da shi za a cike tsagar."

Hananiya ya ce, "Aminci a gare ka kai ma. A birnin naku akwai magini mai yatsu huɗu?"

Jakada ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai. Ni na ɗauke shi a bakin kududdufinku, kuma ba da son raina ba. Ka ga abin da ke wuyana."

Hananiya ya shiga ya durƙusa gaban Iya ta sa masa albarka, ya bar mata tubalin, ya ɗauki gorar ruwa da 'yar fartanyarsa. Jakada ya kai shi bakin kududdufi ya ce ya rufe ido ya yi taku bakwai. Da ya buɗe ido sai ya ga sama ta zama ruwan ganye, rana guda biyu, ɗaya tana bin ɗaya.

Suka yi tafiyar yini, suka iso wasu duwatsu jajaye masu tsini, hanya ta toshe. Hananiya ya matsa ya duba da idon magini, sai ya ga ashe shuri ne, gidan gara, kowanne ya fi dutsen ƙauyensu tsawo. Sojojin gara suka fito, kowane ya kai akuya, suka kewaye su. Aka fito da Sarauniyar Gara a kan gadon laka, fara sol, ƙatuwa, gara dubu na ɗauke da ita.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, mu ma magina ne, tun kafin kakanka ya san laka. Ba magini da ke wucewa ta ƙasata sai ya yabi aikina. Ga ƙasa daga ɗakin da na fi ƙauna a fadata. Ɗanɗana ka faɗi."

Ya ɗanɗana. Ya dubi sojoji da bakunansu kamar almakashi, ya dubi Jakada, Jakada ya kawar da kai. Sai ya tofar ya ce, "Ranki ya daɗe, aikin hannu ya yi kyau, amma ƙasar tana da zartsi. In da ni ne, ko kaza ba zan kwantar a ɗakin nan ba."

Sojoji suka zaburo. Sarauniya ta daka musu tsawa, sannan ta yi dariya har gadon ya girgiza. Ta ce, "Ɗakin ƙwaina ne. Shekara uku ƙwaina na lalacewa, duk waɗannan masu manyan bakunan sun sani, ba wanda ya iya faɗa mini. Wuce, magini. Ranar da ka nemi ƙofa a inda babu ƙofa, ka buga ƙasa da diddige sau uku. Kuma ka sani, mun taɓa zuwa cin Jar Ganuwa, aka hana mu. Aka ce mu bar ta, tana da mai cinta daga ciki."

Shuri ya tsage gida biyu, suka wuce. A rana ta biyu suka shiga wata ƙasa da ba komai a cikinta sai ramuka, rami na bin rami har iyakar gani, tsakaninsu 'yar siririyar hanya wadda in ƙafa ta zame sai dai labari. A bakin kowane rami mace ce zaune da ƙwaryar iri a cinyarta. Hananiya ya tsaya gaban wata tsohuwa ya gaishe ta, ya tambaye ta me take jira.

Ta ce, "Gonata nake jira, ɗana. Sunana Asabe, nan da kake gani gonar dawa ce. Tsitaka ya zo da mayaƙa ya ce yana son ƙasa zai yi ganuwa. Ya kwashe ƙasar, ya dawo ya kwashi mazanmu su tattaka masa ita, da suka ƙare ya dawo ya kwashi 'ya'yanmu. Ba a ba su ruwan kwaɓi isasshe, kuma wanda ya faɗi a cikin laka ba a tsayawa a ɗaga shi. Za ka ga jan da ganuwar ta yi. Ƙasarmu baƙa ce."

Tausayi ya kama Hananiya. Ya zuba mata ruwa daga gorarsa, ta sha kaɗan, sauran ta yayyafa wa irin.

A rana ta uku ganuwa ta bayyana. Hananiya ya ɗaga kai don ya ga ƙarshenta, hularsa ta faɗi. Tana sheƙi, an shafe ta da makuba sumul, an yi mata zane-zane, gaskiya duk maginin da ya gan ta sai ya ji kishi. A gindinta kuwa wani mutum ne shi kaɗai cikin farar riga mara ado, yana jan igiya yana awo, gaba bayan gaba, ba ya gaggawa. Jakada na ganinsa ya faɗi rubda ciki, ya rufe fuska da hannuwa, ya ƙi motsi.

Hananiya ya matsa ya ce, "Sannu da aiki, malam. Wa ya ba ka awon?"

Mutumin ya ce, "Mai ƙasar."

"Sarki Tsitaka ke nan?"

"Tsitaka baƙo ne a nan, kamar kowa. Na auna tsawonta, na auna kaurinta, na auna abin da ke cikinta. Nan da kwana uku za a yi ruwa. Amma Mai ƙasar ba ya saukar da gini sai an faɗa wa mai ginin gaskiya da bakin mutum ɗan'uwansa, ko zai juyo. An kawo masa magina arba'in, dukansu suka ɗanɗana, dukansu suka ce yaɓe take so. Kai ne na arba'in da ɗaya."

Ya ci gaba da jan igiyarsa. Hananiya ya tsaya yana kallonsa. Ya tuna abin da Malam Istifanus mai bishara yakan koya musu a 'yar majami'arsu ta jinka, cewa jinin wanda aka zalunta ba ya yin shiru a cikin ƙasa, Ubangiji yana jin muryarsa, kuma duk sarautar da aka kafa a kan wuyan bayin Allah tana da ranarta. A da yakan ji maganar yana gyangyaɗi, don hudubar Malam ba ta da gajarta. Yau ga ta a gabansa, har da igiya.

Aka buɗe musu ƙofar ƙarfe. A ciki ya ga filin kwaɓi, mutane ɗaruruwa ɗaure da igiya a kugu, suna tattaka laka har gwiwa, ba mai waƙa, ba mai magana. A gefe, ƙarƙashin rumfa, wani mai ƙiba yana zaune cikin riga mai aiki, da bulala a hannunsa na dama. Hananiya ya ƙirga yatsun da ke riƙe da bulalar.

Ya ce, "Kefas."

Bulala ta faɗi. Kefas ya miƙe, ya ja shi bayan rumfa ya ce, "Yaya! Wa ya kawo ka? Shekara goma sha biyu ina ɓoye sunanka a garin nan."

"Tubalinka ne ya zo rafinmu yana kuka. Iya ta ce in zo da kai."

"Tana da rai?"

"Tana da rai, ido ne babu. Me nake gani a hannunka, Kefas?"

Kefas ya dubi ƙasa ya ce, "Shekara uku na yi a cikin lakar can, Yaya. Wannan tubalin na lokacin ne, daga gindi ya zame ya faɗa kogi. Da sarki ya tambayi wa ya iya ɗanɗana ƙasa, na ce ni. Na ji abin da ke ciki, na ce masa lafiya lau, yaɓe kawai take so. Ya fitar da ni daga laka ya naɗa ni Sarkin Magina. Tun daga ranar harshena ya mutu, zuma da toka duk ɗaya ne a bakina. Duk shekara in ta tsage, sai a kawo baƙin magina su yi yaɓe, in ta sake tsagewa a ce laifinsu ne." Ya kama hannun wansa. "Don Allah, Yaya, ka ce yaɓe. Za ka samu shekara guda, ni kuma in san yadda zan fitar da kai."

Hananiya ya ce, "Babanmu bai koya mana yaɓe a kan ruɓaɓɓen bango ba. Kuma shekarar da kake ba ni, kwana uku ne suka rage a cikinta."

Aka shigar da shi fada. Sarki Tsitaka yana zaune a kan gadon da aka yi da garemanin mutane, an narkar da su an ƙera. Ba ƙato ba ne, siriri ne mai sanyin murya, irin mutanen da ba sa buƙatar ɗaga murya don an riga an san abin da ke biyo bayanta. Aljanu masu ƙarfe a wuya suna tsaye dama da hagu. Aka kawo ƙasar gindin ganuwa a kwanon zinariya.

Hananiya ya ɗiba ya sa a baki. Bai tofar ba, ya haɗiye, don ya ga bai kamata a tofar da wannan ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, gishiri ne ke cin ganuwarka, kuma ba na ƙasa ba ne. Hawaye ne da gumi da jini na waɗanda suka tattaka ta. Yana cikin kowane tubali tun daga tushe. Yaɓen da ake ƙara mata duk shekara nauyi yake ƙara mata, ƙafarta kuwa ta riga ta zama gari."

Sarki ya ce a hankali, "Na ji ciwon. Maganin fa?"

"Akwai, ranka ya daɗe, kuma akwai sauran lokaci. A buɗe ƙofofi, a kwance masu kwaɓi, a sauke tubalan nan ɗaya bayan ɗaya, a mayar wa kowane rami ƙasarsa. Za ka zauna ba ganuwa, amma za ka zauna da ranka. Wanda ya yi ƙasar ya ji kukanta, ya kuma aiko an yi awo. Ni da idona na ga mai igiyar."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Na ci garuruwa saba'in, na ɗaure aljanu a wuya, yau ga mai cin ƙasa yana ba ni wa'adi. Sarkin Magina, kai ma ɗanɗana."

Kefas ya matso ya sa ƙasar a baki. Bai dubi wansa ba. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, lafiya lau take. Yaɓe take so."

Wannan maganar ta fi hukuncin da ya biyo baya yi wa Hananiya ciwo. Sarki ya ce baƙo ya kasa, a cike babbar tsagar gabas da shi nan da kwana uku, kuma Sarkin Magina ne zai aza tubalan da hannunsa. Ya ce a kulle ƙofofin birni duka, a fara sabon yaɓe mai kaurin kamu biyu.

A rana ta uku da hantsi aka tsayar da Hananiya a cikin tsagar, fuskarsa na kallon cikin birni. Aka tara masu kwaɓi su gani. Sarki ya hau soron da ke kan ganuwa, daidai bisa wurin, aka buɗe masa laima. Sama wasai take, ba ko gajimare.

Kefas ya durƙusa ya fara aiki. Hannunsa bai manta ba, ya aza layin farko, ya zuba laka, ya aza na biyu. Hananiya yana kallonsa, har ya ce, "Wancan na gefe ya karkace, gyara shi." Kefas ya gyara, bai ɗago ba. Bango ya rufe gwiwa, ya rufe kugu, ya hau ciki. Da ya kai ƙirji, Hananiya ya ɗora hannuwansa a kai, ya shafa kamar yadda yakan yi duk damina in zai rufe da ciyawa.

Ya ce, "Daidai nan muka tsaya a ɗakin Iya. Ban ƙara ko ɗaya ba, ina jiran mai jefo mini."

Kefas yana riƙe da tubali. Ya daɗe a haka. Daga sama sarki ya ce, "Sarkin Magina, hannunka ya gaji ne?"

Kefas ya ajiye tubalin a ƙasa, ya tuɓe rigar sarauta ya ɗora a kai, ya ɗaga kai ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ƙarya na yi maka, Tsitaka, shekara tara ina yi! Na ji gishirin tun ranar farko. Mutanen nan ne a cikin ganuwarka, da iyayensu, kuma ni na riƙe maka bulala. Abin da wana ya faɗa, shi ne."

Sarki ya ɗaga hannu ya ce wa aljanu su kama shi. Kafin su motsa, ɗigon ruwa ya faɗo a kan laima. Wani ya biyo. Ba tsawa, ba iska, yayyafi ne siriri irin wanda mata ba sa ma kwashe shanya dominsa. Amma inda duk ya taɓa ganuwa sai makuba ta saki, ta zame kamar tsohon zane, jar ƙasa ta bayyana tana tsatstsafar da ruwa. Aljanu suka tsaya cik.

Kefas ya ture bangon da ya gina da kafaɗa, ya jawo wansa, ya fizgi fartanya ya ruga filin kwaɓi yana saran igiyoyi. Mutane suka nufi ƙofofi, ƙofofi a kulle, makullai suna sama wurin sarki. Hananiya ya buga ƙasa da diddige sau uku. Ƙasa ta motsa, gara suka ɓullo kamar an zubar da buhun gero, kafin a ce me sun huda ƙofa a gindin ganuwa, mai faɗin da shanu biyu za su wuce, sun tokare ta da lakarsu. Mutane suka yi ta fita, masu ƙarfi na ɗauke da marasa ƙarfi. Kefas ne na ƙarshe, da wani tsoho a bayansa.

Sarki yana sama yana ba da umarni. Ya ce a kama ruwan, ya ce a kawo yaɓe, ya ce a kashe wane da wane. Hananiya ya tsaya daga waje ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, sauko! Ƙofar tana nan a buɗe, kai ma za ta ɗauke ka!" Sarki ya leƙo ya ga ƙofar gara ce, wadda sai an sunkuya, kuma talakawa sun bi ta. Ya koma ya zauna ƙarƙashin laimarsa.

Ganuwa ba ta faɗi da ƙara ba. Zama ta yi a hankali, kamar raƙumi in zai durƙusa. Soro ya yi ƙasa-ƙasa da laimar da mai laimar, laka ta rufe. Daga nan ƙasar ta fara tafiya, ta rabu rafi-rafi, ta bi ta tsakanin ƙafafun mutane ba ta ture kowa ba, ta nufi ƙasar ramuka. Kowace ta san raminta. Kafin la'asar ramuka sun cika, ruwa ya wanke jan, ƙasa ta koma baƙa. Ƙarafan wuyan aljanu suka buɗe suka zube. Inda birni yake, ba abin da ya rage sai fili da gadon garemani a tsakiya, mutane suka farfasa shi suka kai wa maƙera.

Mai farar riga yana tsaye a gefe yana naɗe igiyarsa. Ya dubi Kefas ya ce, "Kai ma ka shiga awo, mai yatsu huɗu."

Kefas ya zube a gabansa ya ce, "Na sani, ya shugabana. Ba ni da abin cewa."

"Da ka aza tubali ɗaya a kan na ƙirji, da kana tare da ubangidanka yanzu. An yi maka jinƙai. Amma akwai gonakin da masu su ba za su dawo ba, kuma wasunsu a ƙarƙashin bulalarka suka faɗi. Matansu suna da iri, ba su da hannu."

Ya saɓa igiyarsa ya tafi, ba wanda ya ga inda ya bi. Kefas ya nemi gonar da ba namiji, ta farko ita ce ta Gwaggo Asabe. Ta dube shi, ta gane shi, sannan ta miƙa masa ƙwaryar irin. Hananiya ya roƙi Jakada, wanda yanzu ba ya bautar kowa, ya kai wa Iya saƙo cewa an samu mai yatsu huɗu, sai dai yana da aikin damina guda. Shi da Kefas suka yi shuka, suka yi noma, suka yi girbi a gonaki goma sha tara. Wasu matan suka yafe wa Kefas, wasu har ya tafi ba su amsa gaisuwarsa ba, shi kuwa bai ga laifinsu ba.

Bayan kaka Jakada ya mayar da su bakin kududdufi. Iya tana zaune a tabarma, tubalin yana gefenta, ya bushe tun ranar ruwan nan. Kefas ya durƙusa a gabanta. Ta laluba ta kamo hannunsa na dama, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ta ce, "Ka yi ƙiba ka rame, duk ban gani ba. To, tashi, ɗakina yana jira."

Kashegari suka yaye ciyawar kan bango. Suka ɗebo ƙasa, suka kwaɓa, suka mulmula tubali suka shanya. Ranar da za a aza, Hananiya ya haye bango ya zauna, ya ce, "Ba a fara ba sai an ɗanɗana. Bisimilla, Sarkin Magina."

Kefas ya ce, "Yaya, ka san harshena."

"Na sani. Ɗanɗana."

Ya ɗebi lakar kwaɓi ya sa a baki don kada ya yi gardama. Sai ya tsaya. Ƙamshin ƙasar kududdufinsu ya cika masa baki, da ɗacin ciyawa, da ɗan garɗin da ya sani tun yana yaro. Ya sunkuya a kan lakar, kafaɗunsa suna rawa. Can ya ɗago a tsorace ya ce, "Yaya, na ɓata kwaɓin. Hawaye ya zuba a ciki, akwai gishiri."

Hananiya ya sauko da hannu aka miƙa masa, ya ɗanɗana, ya juya shi a baki kamar yadda ya saba, Iya tana kasa kunne daga tabarma.

Ya ce, "Wannan bango zai ɗauka. Jefo."

Kefas ya ɗauki tsohon tubalin nan mai yatsu huɗu, ya jefa sama, Hananiya ya cafe.